Tambarin Wuta a Ƙarƙashin Kujera

A da, ko tabarma ce a gidajen gwamnati na Yelwa, akwai mai tambayar inda take. Yanzu gidan kansa sai a wayi gari a ji ya zama na wane.

Ranar kasuwa na je bakin ruwa sayen busasshen kifi, mai kifin ta miƙo mini kujera. Da na juya ta zan kakkaɓe, sai ga tambarin wuta a ƙarƙashinta. Hannun marigayi ne, mai kula da gidajen ma'aikata. Shi ke gasa ƙarfe ya danna wa kowane katako, shi ya sa rigarsa kullum take ƙauri.

Shekarar da aka canja mini wurin aiki, na ɗora wani ɗan tebur a mota. Ya tsaya a gabanta da sandarsa.

"Ranka ya daɗe, wanga tebur ba a canja mai wurin aiki ba."

"Haba Baba, ƙafarsa ma ta karye."

"Bar min gurguna. Magajinka a ƙasa zai yi rubutu?"

Na sauke shi da kaina.

Na zauna Yamai, Kumasi da Khartum, na ga masu gadi da bindiga, ban ga wanda ake jin kunya kamarsa ba.

Mai kifin ta ce a gwanjo ta sayi kujerar. Na rasa ofishin da zan kai kuka, domin masu sauraren kukan su suka sa hannu a gwanjon.

Allah ya sanyaya makwancinsa. Tun da aka binne shi, ba a sake gasa ƙarfen nan ba.