Na Tuɓe Wa Zauren Kakanmu Riga

A lokacin ina saurayi mai rawar kai, na gama karatun zanen gine-gine na dawo ƙauyenmu da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, ina ganin kowa a baya yake. A wayata akwai hotunan tsofaffin gidajen karkarar Ingila, irin waɗanda ake barin katakon gininsu a fili, baƙi ƙirin a jikin farin bango. Sun shiga raina ƙwarai. Duk sanda na shiga zauren ƙasa da kakanmu ya gina, sai in ce ai mu ma muna da irinsa. Azarar giginya ce fal a cikin bakan gizon, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke da rufin, an dai binne ta cikin yaɓe ne kawai.

Na nuna wa mahaifina hotunan, na ce zan kankare yaɓen azarar ta fito, in shafe ta da baƙin mai, bango kuma farar ƙasa. Ni ne ɗansa na fari, ko sunana ba ya faɗa, balle ya tsaya jayayya da ni. Ya daɗe yana kallon rufin, sannan ya ce to, Allah ya sa alheri. Wallahi na san wannan to ɗin ta kunya ce, ba ta yarda ba. Na maishe ta izini ne don abin da nake so ke nan.

Da na fara kankara sai na tarar azarar guntu-guntu ce, an ɗora wannan kan wancan an ɗaure da igiya, ƙasar ce ke haɗa su. Katakon Turawa sassaƙa shi ake yi ya shiga juna ya tsaya da kansa, namu kuwa sai da rigarsa. Na hango haɗarin, amma abokai sun riga sun fara zuwa ɗaukar hoto suna zuga ni, sai na ci gaba.

Da marka ta kankama, rufin ya sha ruwa ya yi nauyi. Wata Juma'a muna masallaci zauren ya rufta. Buzun da mahaifina ke zama a kai, sai tono shi aka yi.

Abin da ke ci mini rai har gobe shi ne, da maƙwabta suka zo jaje, mahaifina ce musu ya yi shi ya sa ni aikin, ginin ma dama ya tsufa. Ni kuwa ina tsaye na bar shi ya ɗauki laifina. Daga baya na ce zan gina masa zauren bulo, ya sake cewa to. Na gina, amma har ya rasu a gindin dalbejiyar ƙofar gida yake karɓar baƙinsa.

Ina roƙon masu karatu, kafin ku taɓa ginin da kuka gada, ku tambayi abin da ke riƙe da shi. In kuma mai jin nauyinku ya ce muku to, ku dubi fuskarsa tukuna. Ni rufi kawai na duba.