Jan wake a ƙasan ƙwarya

Ko an wayi gari na manta sunana, ranar da aka zuba wake a ƙwarya a ƙofar gidan mai unguwa ba za ta fita daga raina ba.

Ƙauyenmu yana gefen dajin Falgore. A shekarun can baya ciwon barci ya addabi mutane, sai hukuma ta ce a ba da mutum ɗaya daga unguwarmu ya shiga cikin masu saran kurmin bakin rafi, inda ƙudan tsando yake. Kowa ya san wanda ya tafi ba lalle ya dawo da lafiyarsa ba. Aka ce a yi ƙuri'a. Aka zuba farin wake daidai yawan magidanta, aka cire ɗaya aka sa ja, aka rufe da zane. Wanda ya ɗauka ba ya mayarwa, wanda ya zaro ja shi zai tafi.

Maigidana ya miƙa hannu, yayansa ya buge hannun.

"Kai, ina tarbiyyarka? Yaro ke fara sa hannu a kwano gaban manya?"

Aka yi dariya, ya koma baya. Ni ina leƙe ta zana. Duk wanda ya zaro fari sai a ɗau kabbara. Macen da ta saba tsintar wake ta sani, in wake ya ragu tsakuwa ke fitowa fili. Har aka zo kan maigidana, ƙwaya ɗaya tak ta rage. Bai ma duba ba.

Ya dawo da kaka yana gyangyaɗi da loma a hannu. Bai kai wata damina ba.

Ranar sadakar uku na tsaya gaban yayan nan na ce, "Yaya, ka ci girma, ka ci ƙanenka." Daga ranar ban sake gaishe shi ba, ko da salla.

Shekaru suka ja, aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata. Na shiga da furfurata. Ana gab da jarrabawa malamarmu, yarinya sa'ar 'yar cikina, tana bitar lissafi da wake. Ganin waken nan zuciyata ta taso.

"Ke malama, bar wannan wasan yara. In bokon naku gaskiya ne, gaya mini irin zaluncin da ake wa na ƙarshe a ƙuri'a."

Ta saurare ni har na gama. Ta zuba wake a ƙwarya da ja guda, ta ce kowa ta ɗauka ta dunƙule, kada a buɗe. Ni ta bari ƙarshe.

"To Iya, yanzu a hannun wa ja yake?"

"Ina zan sani?"

"Wa aka cuta a cikinku?"

Na bi hannayenmu da kallo, duk a dunƙule. Ta ci gaba:

"Tun kafin a fara rabon kowa ɗaya ne, Iya. Na farko ma zai iya zaro shi. Tsoro ne kawai ke taruwa kan na baya, saboda ana buɗe hannu yana kallo."

Na ce ƙarya take. Na koma gida na tara jikokin maƙwabta muka yi ta gwadawa har la'asar. Jan nan ya faɗa wa na farko, ya faɗa wa na tsakiya, ya faɗa wa na ƙarshe. Bai san babba ba, bai san yaro ba.

Na ci jarrabawa, amma ban yi guɗa ba. Yayan maigidana ya rasu tun bara waccan, ban je gaisuwa ba. Matarsa ta ce mini har ya cika yana faɗin, "Ni na kashe yaron nan."

Ni na sa masa wannan maganar a baki, ya haɗiye, don shi ma bai san lissafin ba. Abin da na koya ke nan: jahilci ba rashin karatu kaɗai ba ne. Yana ba ka wanda za ka tsana, kuma ranar da ka gane, sau da yawa an riga an binne shi.