Kunnen Jafaru Mai Gyaran Sifika

Jafaru mutumin Sandamu ne, amma a Daura aka san shi, a wata rumfar kwano da ke bakin tashar mota. Gyaran rediyo ya koya tun yana saurayi. Da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, suka shigo, motoci suka cika gari, kowane direba yana so a sa masa kaset, sai aikinsa ya koma na sifikar mota kusan gaba ɗaya.

Ba shi da wata na'urar gwaji. Kujerar baya yake shiga ya zauna, ya ce a kunna, ya lumshe ido. In sauti yana karkarwa, ya ce kusar ƙofa ce ta saki. In ganga ta fito ba nauyi, ya ce an juya wayar sifika ɗaya, ko kuwa babu akwati a bayanta. In murya ta shaƙe da zarar an kashe inji, batir ne ya yi sanyi. Rana kuma ita ya fi tsana, don tana busar da kwalin sifikar da aka ɗora bayan gilashi har ya tsage. Daga Baure da Mai'adua ana kawo masa motoci.

A bazarar 1977 sanƙarau ya kwantar da shi. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi, amma kunnensa na hagu ya mutu. Na dama kuwa yana jin magana kamar daga cikin rijiya, ga wani kukan gyare da ba ya yankewa.

Bai gaya wa kowa ba. Matarsa Kubura ce ta gane, ranar da jaririyarsu ta yi ta tsala kuka a bayansa yana cin tuwo bai waiga ba. Ta zo gabansa ta durƙusa.

"Malam, ba ka ji, ko?"

"Ruwa ne ya shiga. Zai fita."

"Ka bari a je asibiti."

"In tasha ta ji labari, wa zai sake kawo mini mota? Me za ku ci?"

Ya koma rumfa. Ya koyi kallon leɓen mutane, yana dariya in ya ga ana dariya. Aiki kuwa ya rikice masa. Kowace sifika ya saurara sai ya ji ta a toshe. Ya kwance ƙofa, ya canza waya, ya cusa soso, ya mayar, har yanzu a toshe. Mai mota ya ce ai ta yi, shi ya ce ba ta yi ba, ya sake kwancewa. Aikin safiya ɗaya ya koma na yini biyu. Direbobi suka fara cewa ciwon ya taɓa masa kai.

A ɓoye babu abin da bai gwada ba. Wani mai magani a kasuwar Mai'adua ya ɗiga masa mai mai ɗumi, kunnen ya kumbura ya yi ta ruwa. Ya sha rubutu, ya yi turare. Kullum da asuba yakan manna ƙaramar rediyo a kunnen dama ya ji ko an samu sauƙi, kullum kuma sai ya ƙara murɗa ta fiye da jiya.

Ana cikin haka Auta, direban da suka fi shiri da shi, ya sayo sabuwar Fijo, ya zo da sifikoki biyu daga Kano a kwalinsu. Jafaru ya ƙera musu akwatin katako, ya ɗaure su tsaf, ya shiga ya kunna. Bai ji komai ba sai gyaren nan. Ya ƙara murya. Ya duba waya, lafiya lau. Ya ƙara. Ya murɗa har ƙarshe, ya sunkuyar da kai yana jira.

A waje tasha ta tsaya cak. Masu tallar fura sun toshe kunne, Auta yana dukan rufin motar yana kiran sunansa. Jafaru bai san abin da ake ciki ba sai da ya shaƙi ƙauri. Sifikokin sun ƙone, kwalin ɗaya ya yage.

Ya fito ya ga idanu a kansa. Auta ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya fasa. Ya zagaya bayansa ya tafa hannu da ƙarfi. Jafaru bai motsa ba.

Auta ya dawo gabansa ya yi magana a hankali. "Tun yaushe?"

"Tun ciwon nan," in ji Jafaru. "Don Allah, Auta, ka ce musu wayar ce ta haɗu. Ka rufa mini asiri."

Amma kowa ya riga ya gani.

Auta da kansa ya kai shi asibiti a Kano. Likita ya leƙa, ya gwada, ya ce jijiyar ce ta lalace, kuma na daman ma tafiya yake yi. A hanyar dawowa Jafaru ya yi ta tambaya ko akwai wani likitan a Kaduna, ko a Zinder. Auta yana ba shi amsa, shi kuwa ba ya ganin bakinsa, sai ya sake tambaya.

Kafin kaka wani mai gyara, Hussaini, ya buɗe rumfa a ɗaya gefen tashar, motoci suka koma can. Jafaru ya yi wata biyu yana zaman banza a tasa. Da hatsi ya ƙare a gida, ya haɗiye girmansa ya je ya roƙi Hussaini ya bar masa ƙirar akwatuna. Hussaini ya yarda. Jafaru ya yi shekaru a bayan rumfar yana yankan katako, ana biyansa a kan kowane akwati. Kubura ta kama sayar da ƙuli-ƙuli, da haka suka raini 'ya'yansu huɗu.