Randar Inna a Matoyar Orozo

Shekarar da mahaifinmu ya rasu, Inna na fita takaba muka taru mu 'ya'yanta muka yanke shawarar ta bar ƙauye ta dawo wurina a Abuja. Mu muka yanke, ita ba ta yanke ba. Hawan jini ya sa ta a gaba, har ta taɓa faɗuwa a bakin murhu ba kowa a gidan, sai da maƙwabciya ta shigo roƙon gishiri ta tarar da ita kwance. Tun daga ranar ban ƙara barcin kirki ba. Da ƙyar da siɗin goshi aka sa ta a mota. Ta ce mu sani ganin likita kawai ta zo, kuma kafin ruwan farko ya sauka tana gida, don gonarta ba za ta shuka kanta ba.

Abujar da muke ciki ba ita ce ake nunawa a talabijin ba. A Orozo muke, kan hanyar Karshi, inda haya ke da ɗan sauƙi kuma akuya ke da 'yancin shiga gidan kowa. Maigidana katako yake sayarwa a Dei-Dei, kullum sai ya keta gari kaf, ni kuma ina koyarwa a wata 'yar makarantar firamare. Da safe mu watse da yara, mu bar Inna da bango huɗu. Ta share tsakar gidan da na share, ta sake wanke kwanukan da na wanke, ta yi faɗa da fanka. Ruwan leda ta ce warin roba yake, na firji kuma ya kashe mata haƙora. Da yamma sai ta fito ta tsaya tana duban gabas ko hadari ya fara haɗuwa. Ni ma ina duba, amma addu'armu ba ɗaya ba ce.

Inna maginiyar tukwane ce a garinmu, a wurin uwarta ta gada. Ni boko ya ɗauke ni, ko kasko ban iya ginawa ba, kuma har gobe tana yi mini gorin haka.

Wata Asabar muna dawowa daga awon jini, muka bi ta bayan layinmu, ta gefen wani babban gidan Gbagyi, waɗanda mu Hausawa muka saba cewa Gwari. Ina gaba ina zuba surutu, na waiga ba Inna. Ta tsaya a gindin mangwaro ta riƙe ƙugu tana kallon wata tsohuwa, wadda duk unguwar ke kira Kaka, tana gina randa. Kaka ta ɗora curin yumɓu a kan guntun turmi, ta nutsa dunƙulen hannu a tsakiyarsa, tana jan bangon sama da yatsu tana tafiya da baya da baya. In yumɓun ya ƙare sai ta murza wani kamar igiya, ta ɗora a baki ta liƙe, ta ci gaba da kewayawa. Randar ta kai mata ƙirji, sai ta sunkuya ciki har kafaɗa kafin ta shafo gindin.

Inna ba ta iya gani ta yi shiru ba. Ta ce, “Sannu da aiki. Amma wannan wace irin wahala ce? Tukunya na zaune kamar amarya, ke kina ta kewaya ta?”

Kaka ba ta ko tsaya ba. Hausarta irin ta nan ce, mace da namiji duk “ka” ne. Ta ce, “Mama, ka iya ne? In ka iya, ga ƙasa nan, ba a kulle shi ba.”

Na ja mayafin Inna na ce mu tafi. Ta fizge. Kafin in ankara ta tuɓe takalmi ta tsuguna tana murza yumɓun a tafin hannu, har da sunsunawa.

Shi ke nan, abin nema ya samu. Muna fita da safe ita ma ta fice. Ta bi su Kaka rafi haƙar yumɓu, ni ina ta faɗan likita ya hana ta ɗaukar kaya, ita tana yi mini kunnen uwar shegu. Matan gidan a kafaɗa suke ɗaukar kaya, wai kai ya isa da nauyin tunani. Inna ta naɗa gammonta ta ɗora ƙwarya a ka, suna yi mata dariya tana yi musu. Kaka coci take zuwa ran Lahadi, amma surukarta musulma ce, ita ke shimfiɗa wa Inna tabarma in azahar ta yi. Cikin ɗan lokaci Inna ta fara cinye tuwonta, har tana neman ƙari. Na ji daɗi ƙwarai, na soma kitsa wa raina cewa ta zauna ke nan.

Sai wani dare muna cin abinci ta ce, “Zan gina miki randa babba, irin ta gidanmu, ki riƙa shan ruwa irin na mutane. Ina gasa ta zan kama hanya.”

Na mayar da lomar da ke hannuna cikin kwano. Daga ranar, duk tsawon da randar ta ƙara, tafiyarta ce take matsowa. Ina so a ga gwanintar uwata, ba na so ta gama.

Ginin nata kuwa ya tara 'yan kallo, don ba su taɓa ganin irinsa ba. Ta kife wata tsohuwar tukunya, ta barbaɗa mata toka, ta fyaɗa yumɓu ya yi faɗi kamar gurasa, ta lulluɓa a kai. Tana zaune daram a kan kujerarta 'yar tsuguno, tana bugawa da ɗan katako tana juya tukunyar da ƙafa. Da gindin ya sha iska ya yi ƙarfi, aka kama mata aka ɗaga aka juyo shi, ta ci gaba da ɗora bango, dutse a ciki katako a waje, tana ta bugu har ya yi siriri. Ta ce da Kaka, “Kin gani? Mu tukunya ce ke kewaya mu.”

Kaka ta yaba, amma akwai abin da ya tsaya mata a rai. Yumɓun rafin nan cike yake da yashi da 'yan tsakuwoyi masu ƙyalli, kuma matan ba sa cirewa, har ƙara masa suke yi da dakakken tsingaro, wato gutsattsarin tsoffin tukwane. Inna kuwa ta shanya nata, ta daka, ta tankaɗe shi da rariya kamar garin tuwo, ta watsar da tsakin. Kaka ta ce, “Mama, wannan dutse da ka zubar, shi ne ƙashin tukunya. Wutan mu yana da zafin rai, ba ya jira.”

Inna ta ce, “Tun ba a haifi uwar wannan yarinyar tawa ba...” sai ta tuna ita ce uwar tawa, aka kwashe da dariya, ita ma ta yi. Amma ba ta mayar da tsakin ba. Da muka koma gida na ce, “Inna, da ɗan gari fa akan ci gari.” Ta ce in bari sai ranar da na gina ko murfin tulu, sannan in sa baki.

Randar ta fito kyakkyawa, wannan ba son kai ba ne. Wuyanta a tsaye, jikinta sumul, ta goge ta da dutse har tana sheƙi. Aka bar ta a inuwa ta bushe a hankali tare da na sauran.

Rigimar ta taso ranar gashi. Duk unguwar matoya ɗaya ce, wani faffaɗan rami marar zurfi a bayan gari, kuma tukwanen kowa wuta ɗaya suke shiga. In ɗaya ta fashe a tsakiya, takan tafi da na kusa da ita, aikin rani guda ya bi iska. Wata 'yar Kaka, mai randuna har da na odar wani gidan abinci a cikin gari, ta ce sam ba ta yarda ba. “Wannan ba stone a ciki. In ya fashe, wa zai ba customer haƙuri? Ni ba na son wahala o.” Ni dai ban ga laifinta ba. Inna ta cika ta yi fam, tana gyara ɗaurin zane kamar mai shirin dambe.

Kaka ta kewaya randar, ta ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ta kara kunne. Ta ce ba a korar tukunyar baƙo daga wuta, amma a can gefe za ta zauna, kuma a jera fasassun randuna tsakaninta da sauran. Inna ta ce wato an mayar da ita saniyar ware. Kaka ta ce, “Saniya ma yana cin ciyawa a gefe, ya ƙoshi.”

Tun da hantsi suka kife kowace randa a kan duwatsu, suka hura 'yar wutar ciyawa a ƙarƙashi don ta kori sauran danshi. Bayan la'asar da iska ta kwanta, aka shimfiɗa itace a ramin, aka jera manya a ƙasa, ƙanana a kansu, aka rufe da ɓawon itace da busasshiyar ciyawa har ya yi tsayin bukka. Kaka ta cinna wuta ta kowane gefe. Ban taɓa ganin wuta mai sauri haka ba. Kafin ka ce kwabo ta tashi sama tana ruri, muka ja da baya muna kare fuska. Matan suna ta watsa damin ciyawa duk inda ya yi rami, suna waƙa da yarensu. Inna na tsaye da carbi, bakinta na motsi.

Ana cikin haka muka ji fau! Waƙar ta tsaya. Kowa ya san daga gefen da ƙarar ta fito, kuma kowa ya ƙi kallon Inna.

Da wutar ta lafa, suka sa dogayen sanduna suna jawo randunan ɗaya bayan ɗaya, jajaye da zafi. Kowace aka fitar sai a tsoma tsintsiyar ganye a ruwan makuba, wanda aka dafa da ɓawon ɗorawa, a yayyafa mata, ta yi cuu, ta koma baƙi-baƙi mai sheƙi. Duk sun fito lafiya, har na mai odar. Ta Inna ce ta ƙarshe. Daga wuya zuwa ciki ba abin da ya same ta, amma gindin ya ɓalle, faɗin faifai, ya daki fasassun randunan da aka jera ya tsaya a nan.

Tausayinta ya kama ni har idona ya kawo ruwa. Ga kuma tsoro, don na san halin kayata. Matar da ba a taɓa mayar mata da tukunya a kasuwa ba, yau ta ji kunya a gaban baƙi. Na ce a raina ko hadarin ba za ta jira ba, gobe da asuba za ta ce a kai ta tasha.

Da gutsuren ya huce, Kaka ta ɗauka ta duba kaurinsa, ta miƙa wa 'yarta, 'yar ta miƙa wa na kusa. Randa mai wannan girma, bangonta bai fi kaurin ɗan yatsa ƙarami ba, kuma ko'ina daidai. Mai odar da kanta ta ce, “Kai, Mama, hannunka yana da kyau. Ƙasan ne bai san ka ba.” Inna ta karɓi gutsuren, ta daɗe tana shafa bakin karayar da babban yatsa. Ta ƙulle shi a bakin zane muka taho gida.

Ta yi magariba, ta ƙi cin abinci. Ina ta kai da kawo a tsakar gida ina neman abin da zan ce. Can ta kira ni ta ce, “Kira mini yayanki a waya.”

Na kira, na miƙa mata. Inna ba ta yarda waya na jin magana a hankali ba, don haka duk layinmu sun ji abin da ta ce. Ta ce ya shuka gonar bana da kansa, gero a tudu, wake a tsakani, kuma kada ya kuskura ya ba da aronta. Awakin ya kai gidansa. Sannan ya shiga ɗakinta, a ƙarƙashin gado akwai dutsen gugarta da katakon bugu na uwarta, ya ba direban da ke zuwa Dei-Dei da shanu ya kawo mata. Na ji yayana yana tambaya daga can, to yaushe za ta dawo? Ta ce, “Ka ji ka da wata magana. In dawo a ce da ni me? A ce na je garin mutane ƙasa ta ka da ni? Ba inda za ni sai na gane kan yumɓun nan, ko shekara nawa zai ɗauka.”

Ta miƙo mini wayar, ta harare ni. “Ke kuma dariyar me kike yi, randar uwarki ta fashe?”

Na ce ba dariya nake ba. Ƙarya nake, dariya nake, hawaye na zuba, na kasa tsayar da ko ɗaya. Ta yi tsaki ta ce in ɗumamo mata tuwon nan, kuma in nemo mata turmi da safe, za ta daka gutsuren ta zuba a sabon yumɓu.