Zulfa Mai Nono da Tabon Kumatu

Zulfa taubashiyata ce, shi ya sa nake da bakin faɗin abin da na ga dama a kanta. A wata ruga kusa da Dogo-Dogo aka haife ta, a nan ta auri Sambo, mai 'yan shanu da gonar gero. Tun tana budurwa take tallar nono. Duk ranar kasuwa za ta tako a ƙasa da ƙwarya bisa kai, ta sauke kusa da farantin ƙuliƙulina, a fili fetal inda ko inuwar kara babu.

Cikin autanta ne ya zo mata da baƙin tabo a kumatu da goshi. Ta haihu, ta yaye, tabo yana nan daram. Ba zafi, ba ƙaiƙayi, amma bakin mutane ya hana ta sakat. A wajenmu in aka ga mace da baƙaƙen kumatu, hukuncin ɗaya ne: man ƙara haske ta shafa ya ƙone ta. Zulfa fa, wadda ban da man shanu ba abin da ya taɓa hawa fuskarta! Baturiya mai koko ce ta ƙyasta ashanar. Magana ta yi ta yawo, har ranar da Nafi, babbar 'yar Zulfa, ta dawo daga rijiya tana kuka, wai an ce uwarta ta tsufa ba ta san ta tsufa ba. Daga ranar Nafi ta koma ɗiban ruwa a rijiyar nesa. Abin da ya kai Zulfa asibitin Magarya ke nan. Sunanta take so a wanke.

Ta yi sa'a, lokacin bazara ne, nono ya ɗauke, ba ta zuwa kasuwa. Ta yi ta shafa maganin da aka ba ta a gida har tabo ya dushe. Da ta koma, likitar ta miƙa mata wani man daban, ta ce, "Baiwar Allah, abin nan barci ya yi, bai mutu ba, kuma rana ce ke tashinsa. Ki shafa wannan da safe kafin ki fita, ki ƙara da azahar, ki riƙa sa malafa."

Malafa! To ƙwaryar a ina za ta zauna? Kuma wa ya taɓa ganin mace da malafa, sai ka ce makiyayi? Man shi ma da nasa halin, in an shafa sai fuska ta yi fari toka-toka. Ranar da damina ta dawo da nono, Zulfa ta fito da shi a fuska, Baturiya ta leƙo ta ce, "Ikon Allah! Zulfa, yau kuma fari aka wayi gari?"

Shi ke nan, sai gwanata ta mai da shafawar bayan magariba, inda ba mai gani. Da na gano, na kama baki. Ta ce, "Ke Mairama, magani ai magani ne, duk sa'ad da aka ba jiki zai sha."

Na ce, "Maganin rana, bayan rana ta faɗi? Allah ya shirye ki!"

Ba ta ji ba. Kafin a yanke gero tabo ya dawo, har da ƙari a saman leɓe. Takaici ya ishe ni har na ƙaurace mata.

Ita ma abin ya ci mata rai. Wata ranar kasuwa ta sauke ƙwarya, ta kwanto malafar Sambo daga bayanta ta kifa a kai. Ta fiddo man a bainar jama'a, ta ɗaga shi sama.

"Ku duba da kyau! Maganin rana ne, lokotoro ta ba ni a Magarya. Ban taɓa neman fari ba, wallahi!"

Ta shafa a gaban kowa. Na ce a raina yau dai an kashe bakin tsanya.

Baturiya ta ci gaba da juya kokonta, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Madalla. Gara dai da ta daina ɓoyewa."

Zulfa ta rufe ƙwaryar nononta da faifai, ta gyara zaman malafa. Tun daga nan ba ta fasa malafa da man safe ba, kuma tabon ya soma dushewa. Nafi kuwa har yau rijiyar nesa take zuwa.