Haƙorin da aka ciro wa gwaggo

Shekarar da nake rubuta kundin gama karatu, na yi hutu gidan gwaggona a Hawandawaki, da ordinatar ɗina, wato kwamfuta. Aikina lissafi ne a kan ƙwayoyin halitta na farko, waɗanda ba su zama komai ba tukuna: yadda suke rabuwa, wata ta zama jini, wata fata, wata ƙashi. A allon sai ka ga ɗige-ɗige suna gangarowa kamar daga tudun rairayi, kowane ya faɗa nasa kwarin.

Wata rana da hantsi gwaggo tana ɓarar gujiya kusa da ni, sai ta tsaya kallo. Na yi mata bayani gwargwadon iyawata.

"To wa ke gaya masu inda za su?"

"Maƙwabtansu, gwaggo. Da wani abu kuma da ba mu sani ba. A lissafi, lamba muke jefawa a gurbinsa."

Ta ajiye ƙwaryar. "Taso ki gani, ɗiyata."

Bayan rumbu akwai wani fasasshen tulu a kife, ƙasar wurin a share tas. Ta ce shekarun baya cikinta ya tasa, kowa ya ɗauka juna biyu ne, ita da ba ta taɓa haihuwa ba. Wata tara ya wuce shiru. Aka kai ta asibiti, aka yi mata aiki. Abin da aka ciro ƙulli ne, ya ɗara goruba kaɗan. Da likita ya tsaga, sai ga gashi a nannaɗe, da haƙori guda fari.

"Ya ce mani ba mutum ba ne. Na roƙa aka ba ni a tsumma, na binne shi nan."

Na san sunan abin, na sha karanta shi. Ban dai taɓa tsayawa kusa da shi ba.

"Ke da kika yi karatu, ɗige-ɗigen nan naki ne hanya suka ɓata, ko wani ne ya taso bai iso ba?"

Na ce hanya suka ɓata. Ta gyaɗa kai, ta gyara zaman tulun.

"Gashin irin na innarmu ne sak," in ji ta, ta koma kan gujiyarta.

Sauran kwanakin na daina bi ta bayan rumbu. Amma kullum da safe ina jin tsintsiyarta a wurin. Tana magana ƙasa-ƙasa, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba.