Durgun Inna da Bargon Lantarki

Shekarun baya kaɗan, cikin marka, na zama uwar kaji da gemuna da komai. Ku bari ku ji yadda aka yi.

Mahaifiyata 'yar Gude ce ta ƙasar Kabo, aure ya kawo ta Kutama. A danginsu akwai wata al'ada: duk 'yar da za a kai ɗakin miji, uwarta kan ba ta kaza daga cikin nata, kuma sai wadda ta taɓa yin kwanci ta ƙyanƙyashe. Kajin nan durgu ne, masu gajerun ƙafafu, suna tafiya cikinsu na sharar ƙasa. Inna ta karɓi tata daga hannun kakarmu, Allah ya jiƙanta, kuma tun daga lokacin irin bai taɓa yankewa a gidanmu ba. To a shekarar nan ciwon kaji ya ratsa unguwa ya share akurki, ya bar mata ƙwaya ɗaya tak. Ga shi an riga an sa bikin ƙanwata, autarmu, kafin azumi.

Kazar nan ta yi kwanci, ta fito da 'yan tsaki tara, Inna har da guɗa. Ba su yi kwana nawa ba muka tashi da safe muka tarar da gashi warwatse a bakin akurki. Muzuru ya yi aikinsa. 'Yan tsakin sun cure a lungu, a jiƙe, kukan ma da ƙyar yake fita.

Inna ta zuba su a ƙwarya ta rufa musu tsumma, ta ajiye kusa da murhu. Kafin azahar biyu sun mutu. Ta zauna ta yi tagumi. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, don haka bango ta kalla ta ce, "Shi ke nan. Yarinyar nan za ta tafi hannu sake, a kaina abin zai ƙare."

Wallahi maganar ta soke ni. Na kira wani abokina mai haɗa sola a Gwarzo ina ba shi labari, sai ya ce, "Kai, ba kai ka sayo wa Inna bargon gashin baya a Kano ba? Ai na ga ana renon tsaki da shi a waya." Wani ɗan bargo ne kamar sallaya, a jona shi da wuta ya yi ɗumi, Inna na ɗora shi a ƙugu saboda ciwon baya.

Na je na durƙusa. "Inna, aron bargonki nake so."

"Bayanka ya fara ne kai ma?"

"A'a, 'yan tsakin nan zan ba."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ikon Allah! Boko har ya kai ka nan?" Amma ta miƙa hannu ta jawo shi daga ƙarƙashin matashi ta ba ni.

Na lanƙwasa ragar waya ta yi kamar ƙaramar rumfa, na shimfiɗa bargon a kai, na rufa tsohon zani, na saka cikin babban kwali da ɓuntun shinkafa a ƙasa. Na jona a solar ɗakina, na tura 'yan tsakin ciki ɗaya bayan ɗaya. Sai kuka ya ɗauke ɗif. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan na gasa su. Na ɗaga zanin a hankali, sai ga su sun manna baya da bargo, sun lumshe ido, suna wani ɗan ƙus-ƙus na jin daɗi. Jama'a, na yi tsalle! Na fito tsakar gida ina ihu, "Inna! Sun yi barci! Wallahi sun yi barci!" Ƙanwata ta ce, "Yaya, a hankali mana, maƙwabta za su zaci haihuwa aka yi."

Da yake rana ba ta fitowa sosai a marka, batirina ya kasa. Abokina ya ɗauro nasa babba a bayan babur, cikin taɓo, yana zuwa yana tsiya: "Ina mai jegon? A dafa mata kunun kanwa!" Ni kuwa ko a jikina. Na daina cajin waya, na daina kunna fanka, wuta duk ta tsaki ce. Inna ta koma gasa bayanta da tsumma da ruwan zafi, na ce ta riƙa karɓar bargon da rana, ta ce in na sake wannan magana sai ranmu ya ɓaci.

Ci ma sai da aka koya musu. Inna ta zuba tsakin gero a faranti tana ƙwanƙwasawa da farce, suka fito da gudu suna tsattsagar wurin da yatsanta ya taɓa. Ni kuma kullum da safe ina gindin suri ina ɗebo musu gara. Kwanci tashi fiffike ya fara tsirowa, sai jela, suka daina shiga ƙarƙashin bargo suka koma hawa samansa. Duk wanda ya zo gidanmu sai na ja shi ya gani. Har limaminmu bai tsira ba, ya leƙa kwali ya ce, "Masha Allah," ya yi gaba da sauri.

Ranar da na sake su tsakar gida, ina ta baza haƙora, sai inuwar shirwa ta gifta. Kajin maƙwabta da suka shigo kiwo suka watse kamar an jefa dutse. Nawa fa? Suka tsaya ƙiƙam, suka karkata kai suna kallon sama. Kafin in ɗaga hannu ta sure ɗaya ta yi sama da shi. Na bi ta da gudu har bayan gida ba takalmi, ina zage-zage.

Inna ta ce, "Bargonka ya iya ɗumi, amma ba shi da baki. Wa ya gaya musu akwai abin tsoro a sama?"

Washegari ta jiƙa garura ta rina su jawur don shirwa ta kasa gane su. Sannan ta ɗauko kujerarta ta zauna a tsakar gida da kara a hannu. Da ta hango inuwa sai ta yi irin ƙarar nan da kaza ke yi wa 'ya'yanta, ta buga kara a ƙasa ta kora su ƙarƙashin rumbu. Dattijuwa guda tana kukan kaza! Ni da ƙanwata muka yi dariya har da hawaye, ita kuwa ko murmushi. Ba a jima ba suka gane, ko hankaka ya wuce sai ka ga gajerun ƙafafu sun ranta a na kare.

Shida suka girma, zakaru huɗu, mata biyu. Bayan an gama kaka, sanyi ya wuce, babbar ta fara ƙwai. Amma matan unguwa suka sa mu a gaba, wai kazar da ba ta taɓa shiga ƙarƙashin uwa ba, ba za ta san kwanci ba. Inna kuwa na ga ta rage cin abinci. Biki na matsowa, an kawo gado da kujeru, kaza kuwa ta yi ƙwai ta tashi ta kama yawonta.

Wata safiya na ga ba ta fito ba. Na leƙa akurki, ga ta ta baje a kan ƙwai. Na kai hannu, ta kumbura, ta sakar mini sara a yatsa har da jini. Ban taɓa murnar ciwo irin ta ranar ba. Na ruga ina ɗaga yatsa, "Inna, ta sare ni! Ta kwanta!"

Ana saura 'yan kwanaki biki ta fito da 'ya'yanta. Na tsaya ina kallo ta buɗe fiffike suna shigewa, abin da ita ba ta samu ba sai a wurin bargo.

Ranar kai amarya Kabo, mota ta cika da kaya, Inna ta fito da kwando a rufe. Ta ɗora wa ƙanwata a cinya ta ce, "Ungo. Abin da uwata ta ba ni ke nan, ban yar ba. Ke ma kada ki yar." Ta juya ta shige ɗaki, ba ta tsaya ganin tashin mota ba.

Da can ni kallon nama da ƙwai nake yi wa kajin nan, har ina mamakin yadda babba zai ƙi cin abinci saboda kaza. Sai a bakin motar nan na fahimci Inna ba ta da hoton mahaifiyarta ko ɗaya, ba ta da zanenta, ba ta da ko ɗan kunnenta. Durgun nan su ne kaɗai abin da hannun kakarmu ya taɓa da ya rage mata, kuma har yau in na tuna saura ƙiris su ƙare a cikin ƙwarya, sai tsigar jikina ta tashi.